Mayafin Kaka da Ruwan Randa

Ina 'yar firamare, wata rana da bazara na dawo gidanmu a Shehuri, rana ta dafa ni har ina ganin duhu-duhu. Na nufi randa zan kwankwaɗi ruwa, sai Kaka ta riƙe moɗar.

"Zauna tukuna, 'yar nan. Jiki ne zai fara sha, sannan ciki."

Haushi ya sa ni ƙwalla. Ta tsoma mayafinta a ruwa ta lulluɓa mini a ka, yana ta ƙamshin turaren wuta. Sai da numfashina ya daidaita ta ba ni ruwan, kurɓi-kurɓi.

Jiya ɗana ya shigo a galabaice ya nufi firji. Kafin in ankara, mayafina yana cikin bokiti. Allah ya haskaka kabarin Kaka.