Baƙuwa a Jirgin Iyali

Tun da ruwa ya cinye hanyar Yauri, kowa jirgin ruwa yake hawa. Na sayi na iyali, mai shan mai kaɗan, wanda ba ya tashi sai ya gane jinin mai shi a jikin duk wanda ya shiga. Matata kuwa tun ranar farko na ba ta izini.

Ranar yawon Sallah muka shiga, kowa ya dafa ƙarfen ƙofa. Da Hansatu ta dafa, sai jirgin ya ce, "Akwai baƙuwa. A ba ta izini?"

'Yar marigayi aminina ce, tun tana jaririya nake riƙonta, ba mu taɓa gaya mata ba.

Ta tuntsire da dariya. "Baba, jirginka ya haukace!"

Matata ta sunkuyar da kai. Hansatu ta dube ta.

"Inna, ke me ya hana ki dariya?"