Direban Da Ya Toshe Wa Birkinsa Iska

Dabara direba ne, kuma tsohuwar motarsa ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Kullum yakan hau da ita can saman tudu wurin masu lambu, ya yi lodin kwandunan tumatir da kabeji, ya gangaro da su kasuwa. A tasha aka laƙaba masa wannan suna, don ba ya iya ganin abu ya lalace bai sa masa hannu ba. Ko fankar ɗakinsa ma da wata roba da ya ɗaura mata take juyawa.

Da fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai aikin ya koma wahalar banza. Abin da ya samo da safe, gidan mai ke karɓewa da yamma. Ya fara ramewa, ya daina raha da yaransa, kuma ni kam ban ga laifinsa ba da ya shiga neman mafita.

Wata rana yana jiran lodi, ya ci karo da wani bidiyo a waya. Mai bayanin ya ce mota kokawa take yi da iska, kuma duk wani rami ko ƙofa da ke jikinta yana ƙara mata shan mai. Nan take kan Dabara ya ɗau caji.

Ya samo langa-langa ya rufe ƙasan hancin motar ruf. Sannan ya dubi ramukan da ke jikin ƙarfen tayoyin, ya ga ai ga ɓarayin man nan. Bai yi wata-wata ba ya faɗa kicin.

"Baban yara, ina manyan farantaina?" matarsa ta tambaya da ta dawo daga unguwa.

"Sun samu aiki," ya ce, yana nuna mata tsakar gida. Ga su nan ya huda su, ya ɗaure a kan tayoyin huɗu, sai ƙyalli suke yi.

Ta riƙe haɓa. "To ka haɗa da tukwanen mana, motar ta riƙa dafa mana abinci a hanya." Da ta gama dariya ta ce, "Ka dai nuna wa Yaya ko?"

Yayan nasa makanike ne, garejinsa ba nisa.

"Yaya? Kafin ya duba mota sai ya cika mini kunne da faɗa. Bari ya ga sakamako tukuna."

Ya gwada motar a miƙaƙƙen titi, ba kaya, ba gangara, ta tafi sumul. Ya ce allurar mai ta rage sauka. Ko gaske ne, ko idon mai nema ne ya nuna masa haka, Allah ne masani. A tasha aka yi ta yi masa tsiya, amma ba a jima ba abokan aikinsa biyu suka lallaɓo ya ɗaura musu irin nasa, shi kuwa ya yi musu kyauta.

Ranar da abin ya faru, rana ta take sosai, kuma lodin ya fi na kullum. Gangarar doguwa ce mai yawan kwana, dole ƙafa ta zauna a kan birki. Ya yi nisa da saukowa sai ya ji ƙaurin wani abu yana ƙonewa. Ya taka birki, ya ji ya yi laushi. Ya sake takawa, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar kuwa sai ƙara gudu take yi.

A gabansa ga bas cike da fasinja tana shan kwana a hankali. Ya yi ƙoƙarin sauko da giya, ta ƙi shiga. Sai ya yi salati, ya karya sitiyari ya nufi dutsen da ke gefen hanya.

Babu wanda ya ji ko ƙwarzane a cikin bas ɗin. Shi kuwa sai da aka yanka ƙarfe aka zaro ƙafarsa ta dama.

A asibiti Yaya ya zo ya zauna a bakin gado. Ya riga ya je ya ga abin da ya rage na motar. Dabara ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, amma faɗan bai zo ba.

"Ramukan da ka rufe, ta nan birki yake shan iska," Yaya ya ce a hankali. "In ya yi zafi bai huce ba, ba ya kamawa. Da ka biyo ta gareji, kallo ɗaya zan yi mata."

"Na ji tsoron faɗanka ne, Yaya."

Yaya ya kawar da kai, idanunsa sun ciko.

Likita ya shigo ya yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Za a ceci ƙafar, zai yi tafiya da sanda, amma ba za ta ƙara taka birki ko totur ba. Matar Dabara ta toshe baki da gyale tana kuka. Shi kuwa Dabara, da bai san wata sana'a ba sai tuƙi, ya kamo hannun yayansa.

"Yaya, ka bar ni nan ka tafi tasha yanzu. Akwai mutum biyu da na ɗaura wa. Gobe da safe za su hau tudun nan."

Jama'a, neman sauƙin mai ba laifi ba ne, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Amma ba a bar rami a jikin mota don ado ba. Kafin ka rufe, ka cire ko ka ƙara wani abu a motarka, kai ta wurin wanda ya san aikin, ko da zai yi maka faɗa.