Osumanu Ya Rage a Sansani

Amal ce ke yi wa Mama tafinta a ofishin lauya, don haka ita maganar ta fara duka. Gurbin da aka ware wa 'yan gudun hijirar Afirka na bana ya cike. Ɗan cikin mutum ake iya nemo wa izini, ɗan 'yar'uwa irin Osumanu kuwa sai ya bi layi.

"Kuma ku tsaya kan abin da kuka faɗa ranar tantancewa a sansani," in ji lauyan. "Wanda ya canza magana, takardunsa da na 'ya'yansa na iya salwanta."

Mama ta gyara mayafi ta miƙe. Ko uffan.

Shirun nan ke ƙona wa Amal rai. Tare suka gudo daga Monrovia lokacin da ake farautar 'yan Ghana da Najeriya saboda sojojin da ƙasashensu suka tura. Osumanu, ɗan Anti Hindou yayar Mama, shi ya goyo Amal har bakin jirgin ruwa. Da Amurka ta ɗebe su daga sansanin Ghana, aka bar shi da Anti Hindou. Anti Hindou ba ta daɗe ba ta rasu. Amma in ya bugo waya, sai Mama ta miƙa wa Amal. "Tambayi yaron can ko yana cin abinci." Yaron can! Kai ka ce a titi aka tsince shi.

Shekara ta zagayo, gurbi ya sake cikewa. Osumanu ya gaji da jira, ya koma Monrovia neman aiki. Faɗa ya sake ɓarkewa. Wani ɗan unguwarsu ne ya gane gawarsa a gindin gada.

Ranar zaman makoki mata suka cika falonsu na East Greensboro a Amurka. Mama na lungu, ido a bushe. Amal ta kasa daurewa, ta bi Hajiya Oumou, tsohuwar maƙwabciyarsu ta Monrovia, cikin kicin.

"Ko hawaye, Hajiya! Mom ko hawaye ba ta yi ba."

Hajiya Oumou ta ajiye ludayi, ta juyo.

"Ke a nan kika girma, ba ki san alkunya ba. Ranar tantancewa baturen da ke yi musu tambayoyi ya nuna Osumanu ya ce na wa ne, ga Hindou zaune, wadda ta riƙe shi tun yaye. Uwarki ta sunkuyar da kai ta ce na Yaya ne. Ɗanta ne na fari, Amal. Yayanki ne, ciki ɗaya."