"Da Sauƙi" a Bencin Maza

Na tambaye ka jiki ka ce min da sauƙi, alhali ga idonka nan ya faɗa. To, ƙanena, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani maƙeri da wani marini a gari ɗaya. Gwajin jini ya nuna dukansu suna da ciwon hanta nau'in C, irin wanda ke shiga ta jini ya yi shekaru yana cin mutum bai sani ba. Rana ɗaya likita ya ɗora su a kan magani: ƙwaya guda kullum, wata uku cur, ba fashi. Ya ce musu wanda ya kai ƙarshe galibi yakan rabu da cutar, wanda ya tsaya a hanya kuwa ya ba ta dama ta dawo. Duk mako biyu sai su haɗu a bencin maza na asibiti suna jiran layi.

Tun makon farko maganin ya nuna hali. Maƙeri, mutumin da ke wuni yana dukan ƙarfe, ya zama in ya ɗaga guduma sau goma sai ya nemi bango ya jingina. Kai na sara, zuciya na tashi, tuwo ba ɗanɗano, barci sai ya ga dama. Marini ma haka. In ya sunkuya bakin rijiyar rini warin baba ya bugi hancinsa, sai amai. Amma ka san mu, wai namiji ba ya raki. Ranar asibiti kowa ya sa wankakkiyar riga, ya karya hula, ya zauna ƙyam. Maƙeri ya ce yaya jiki, marini ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Marini ya mayar da tambaya, maƙeri ma ya ce da sauƙi. Shi ke nan, sai a koma hirar damina. Can a bencin mata kuwa ba a ɓoye komai. Wannan ta ce kanta kamar zai rabe biyu, waccan ta ce mata ta daina sha da yunwa kuma ta yawaita ruwa, wata tsohuwa ta ce ita ma haka ta sha fama, amma daga mako na shida abin ya lafa mata. Maza na taɓe baki, wai mata da surutu. Marini dai a ƙarshen benci yake zama, dab da su, yana yi kamar ba ya ji alhali ba abin da ya wuce shi. Ya je gida ya gwada, ya ji dama-dama. Bai gaya wa kowa ba, kada a ce wurin mata ya koyo.

Shi kuwa maƙeri sai ya duba ya ga ciwo ɗaya, magani ɗaya, rana ɗaya aka fara, ga abokin zamansa garau, shi yana ƙarewa. Ya yanke wa kansa cewa maganin ne bai karɓi jininsa ba. Bai tambayi likita ba, don yana jin nauyin a ce ƙato kamarsa yana kuka da 'yar ƙwayar da ba ta kai wake ba. A mako na biyar ya cusa kwalbar cikin jinkar maƙera, ya daina zuwa asibiti. Kwana uku ƙarfi ya dawo, guduma ta daina nauyi, ya ce ai ka gani. Marini ya ga wurinsa wayam, ya ɗauka an canza masa rana ne.

Bayan wata uku marini ya gama, aka sake gwaji, jininsa fes. Wata rana da hantsi ya biyo ta maƙera a gyara masa fartanya. Mu kuma wahala in ta wuce ba kunya ba ce a faɗe ta, har ado ake yi da ita. Sai ya shiga ba da labari yana dariya: yadda ya riƙa amai a wurin rini, yadda ƙafa ta taɓa ƙin ɗaukarsa ya zauna a bakin hanya kamar mai jiran mota, yadda sau biyu ya ɗauki kwalbar zai jefa a masai. Maƙeri ya ajiye guduma.

Ya ce, "Kai ma?"

Marini ya ce, "Ni ma mana. Ai kai ka riƙe ni. In na gan ka zaune ƙyam sai in ce maƙeri bai yi raki ba, ba ni zan fara ba."

Maƙeri ya gyara fartanyar ya miƙa masa. Washegari ya koma asibiti. Cutar na nan daram, hantar ma ta fara tauri, aka ce sai ya sake daga farko da maganin da ya fi wancan ƙarfi. Mako biyar ya yi yana zama kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya san wahalar, ya san dabarar, ya kuma ji lokacin da take lafawa. Bai tambaya da gaske ba, shi ma wancan bai faɗa ba. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.