Rigar Sanyin da Ba Ta Cikin Akwati

Hutu autata da mijinta suka ce mun zo yi a wannan ƙasa mai zafi da bakin teku, ni dai 'yar rakiya ce. Ranar komawa, autata ta zazzage akwati tana fitar da rigunan sanyi, don inda muke zaune ko yawu ka tofar sai ya daskare. Tata ta fito, tawa ta fito.

"Injiniya, ina taka?" ta tambayi mijinta.

Mijin nata yana bakin taga, ya ba mu baya. Ban yi boko ba, amma na iya karanta ƙeyar namiji.

"Ban ɗauko ba," ya ce. "Na samu aiki a nan. Sanyin can ya gama da ni. Ki zauna tare da ni, don Allah."

"Tun muna gida ka san ba za ka koma ba?" in ji Auta.

Ya kalle ni kamar ni zan amsa masa. Na ci gaba da ninke zanina.

"Na ɗauka in kika ga hasken ranar nan, zuciyarki za ta yi laushi."

Auta ta zauna bakin gado, ba kuka ba faɗa, ta zuba wa fanka ido. Yarinyar da ta sha wuya kafin asibitin can ya ɗauke ta aiki.

"Da a can ka tambaye ni, wataƙila da na biyo ka." Ta miƙa masa tafin hannu. "Makullin gida."

Bai ko laluba ba. Tuni ya ware shi a aljihun gaba.