Sa Hannun Nina

Padmaja ce ta goge wa mijinta rigar da kanta, tana guga tana share ido da bakin zanenta na sari.

"Baban Kiran, ka ajiye girman kan nan ka je. Ko zaginka ta yi, ka haɗiye."

Seshagiri ya karɓi rigar ya saka. Injiniya guda, mai zana gadojin da ake hawa a Dallas, wai shi ne yau zai je roƙon yarinya mai zuba wa mutane kofi.

Tun gashinsa na baƙi wuluk kamfani ya saka sunansa a layin katin zama na dindindin. Layin 'yan Indiya kuwa, kunkuru ma ya fi shi sauri. Ya biya haraji, ya sayi gida, ya yi furfura. Mahaifiyarsa ta mutu can gida Indiya, a Guntur, a waya ya kalli ƙona gawarta, don in ya fita ba tabbas a bar shi ya dawo. Kiran, ɗansu da suka zo da shi a goye, a layin ya yi gemu, sai doka ta ce ai ya girma, ya fita daga takardar ubansa. Yanzu ya koma Indiya, yana Hyderabad, yana gwamutsa yarensu na Telugu kamar baƙo.

Sai ga shi watan jiya kamfani ya sallami Seshagiri. Ba aiki, ba biza. Lauya ta ce ko dai ya tattara komatsansa, ko ɗan ƙasa ya tsaya masa.

"Ka kuma san wadda nake nufi," in ji ta. "Daga Talatar nan, in ta cika ashirin da ɗaya, doka ta yarda ta sa hannu."

Ya sani sarai. Rabonsa da Nina, 'yarsa da aka haifa a ƙasar, tun a filin jirgi, ranar da aka raka Kiran. Baƙin ciki ya ci shi, ya dube ta a gaban mutane ya ce, "Ke a banza kika tsinci abin da ɗana ya rasa." Daga ranar ta daina ɗaga wayarsa.

Yau Talata. Ya shiga shagon kofin da kwalin alawar laddu a hannu, kunya kamar ta kashe shi. Tana bayan kanta, gashi rine da shuɗi, ƙarfe a gira.

"A'a, manyan injiniyoyi," ta ce. "Layi ake bi a nan. Ai ka saba."

Ya bi layin. Da aka zo kansa ya tura mata kwalin, ya ɗora takardun lauya a kai.

"Nina, in ba ke ba, ba mu da kowa a ƙasar nan."

Ta buɗe kwalin ta daɗe tana kallo. Irin wanda take so ne, mai yawan man shanu. Ta zaro biro daga aljihu, ta sa hannu shafi bayan shafi, ko karantawa ba ta yi ba. Hawaye ya ɗiga a kan na ƙarshe, ta goge da yatsa ta miƙa masa.

"Ga shi," ta ce. "Shekara ashirin da ɗaya kana jiran ranar haihuwar nan tawa, Baba, amma ko sau ɗaya ba don ni ba."