Gurmi a Bayan Kwalayen Dabino

Bayan la'asar maziyarta suka ragu a Uhudu. Sundus ta tsaya gaban rumfar dabinon da Mu'azzam yake tsaro. Bai ɗago ido ba, takarda kawai ya miƙo mata.

"Daga mawaƙiyar nan ce ta tsibiran Faro, can arewacin Turai, wadda ta ji gurmina a intanet," ya ce. "Da kanta take rubuta waƙoƙinta. Tana so in bi ta yawon wasa na shekara guda."

"Kafilinka fa, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar nan?" ta tambaya da Larabci.

"Bizar fita ta ƙarshe kawai zai ba ni. In na tafi, iƙamata ta mutu, ba ni da sauran izinin zama a nan."

Ta dubi hannayensa da suka yi kanta saboda ɗaukar kaya. Shekara uku ke nan suna jiran izinin aure daga hukuma, ita 'yar ƙasa, shi baƙo daga Damagaram.

"Sundus, ki ce in zauna. Wallahi zan zauna."

Tun da ya san ta, da Larabci take amsa masa, kamar sauran haifaffun Madina. Yau sai ta lalubo Hausar kakarta, tana tuntuɓe.

"Ka tafi. Na gaji da ganin kana ɓoye gurmi bayan kwalaye saboda Babana ba ya son kiɗa."

"Ke fa?"

Ta gyara niƙabinta, idanunta a kan dutsen Uhudu.

"Wata a ƙarshen duniya ta ji ka, Mu'azzam. Ni da nake kusa, ban taɓa ganin ka kana kaɗawa ba. Ka je ka kaɗa da ƙarfi, ko zan jiyo daga nan."